Ba kullum ɓarawo ne ke kashe karen gida ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Alfarma nake nema ka sammini fili in yi magana a kan karnuka, da irin gubar da muke zuba musu a cikin gidajenmu ba tare da mun yi niyya ba. Damina ta kankama, feshi ya tashi a gona da gida, kuma yanzu ne abin ya fi yawa.

Na san wani mai karatu zai yi tsaki ya ce ana fama da tsadar masara da rashin tsaro, wani ya sami sukunin rubutu a kan kare. To ai rashin tsaron ne ya dawo da kare gidajen da a da ko haushinsa ba a son ji. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin bayan gari a Zariya ko Kaduna ko Kano, ko ya leƙa gidajen kaji da garejin kanikawa da lambuna, ya san haka. Ban da mafarauta da Fulani makiyaya, waɗanda su dama ba su taɓa rabuwa da shi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yi izinin ajiye kare don kiwo da gadin gona da farauta, kuma suna ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, cewa da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu zaki zai ajiye. Hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa ko ɗan Islamiyya ya san shi. Ni ba malami ba ne, na bar wa masu fatawa fatawarsu. Abin da na sani shi ne wanda ya ɗaure dabba a gidansa, haƙƙinta na wuyansa.

Aikin gwamnati na yi a asibitin dabbobi har na yi ritaya. Ba likita ba ne ni, mataimaki ne: riƙe dabba, allura, wanke rauni, ɗaura ruwa. Saboda haka har yanzu in dabbar wani ta kwanta a unguwarmu ni ake fara bugo wa waya. Kuma in dai kare ne, kusan kullum maganar farko ɗaya ce: "Baba, an ba shi guba." Wa ya ba shi? Ɓarayi, don su sami hanyar shigowa. Ko maƙwabci, don haushinsa ya dame shi. Ban ce ba a yi ba, ana yi. Amma a abin da idona ya gani, in ka natsu ka zaga gidan, galibi gubar tana nan a kan taga ko bayan ƙofa ko ƙarƙashin tankin ruwa, kuma da kuɗin maigidan aka sayo ta.

Wani gida da aka kira ni da hantsi, na tarar maigidan ya riga ya sa an kira masa yaron maƙwabcinsa ana ta cacar baki a ƙofar gida. Na wuce su na shiga. Karyar tana ɗaure a gindin mangwaro, jikinta a jiƙe, yawu na zuba kamar an buɗe famfo, fatar bayanta na rawa, ta yi zawo a inda take kwance. Na ɗaga fatar idonta, baƙin idon ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. A kan simintin wajen kaska ce birjik, duk matattu. Ga bokiti da sauran ruwa fari-fari, ga wari mai hawa kai wanda duk wanda ya taɓa shiga shagon maganin gona ya san shi. Na tambayi maigadi, ya ce shi dai tausayinta ya ji, kaska ta cika mata kunnuwa da tsakanin yatsu, sai ya zuba murfi biyu na Sniper a ruwa ya yi mata wanka, ita da ɗan kwikwiyonta. Uwar mun wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, aka sa ta a a-daidaita-sahu sai asibiti, ta tashi. Kwikwiyon tun kafin in iso ya mutu. Yaron maƙwabci kuwa har na bar gidan ban ji an ba shi haƙuri ba.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan magani, don shi ne kan gaba. Sinadarin da ke cikin Sniper da ire-irensa, da yawancin fiya-fiyar da ake durawa a ƙananan kwalabe ana talla, sunansa dichlorvos, wasu kwalaben kuma DDVP za ka gani a rubuce. Maganin ƙwarin gona ne. Ba sai an sha shi ba, ta fata ma yana shiga, ta numfashi yana shiga. A jikin dabba, da na mutum, akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ya katse saƙon jijiya da zarar saƙon ya isa inda aka aike shi. Dichlorvos wannan sinadarin yake toshewa. Sai saƙo ya yi ta tafiya babu mai tsayar da shi: yawu ya ɓalle, hawaye ya ɓalle, hanji ya murɗa, tsoka ta yi ta karkarwa, majina ta cika hanyar numfashi, daga nan sai jijjiga, sai numfashi ya tsaya. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i ake gamawa. Akwai makarinsa, allurar atropine, likitan dabbobi ya san ta kuma ba ta da tsada, amma sai an kai dabbar da sauran numfashinta.

Wani abin takaici shi ne kumfar bakin nan ita ke jawo wa kare mutuwa ta biyu. Da yara sun ga kare na dalala yana tangaɗi sai a ɗau ihu, mahaukacin kare, a fito da sanduna da duwatsu. Ba ina cewa a yi wasa da ciwon haukan kare ba, Allah ya tsare, ciwo ne da in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi addu'a. Kada kowa ya sa hannu a bakin karen da ke kumfa, wanda kuma aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya wuce asibiti a ranar. Amma maigida ya yi wa kansa tambaya tukuna. Karen nan lafiya lau ya ci abinci da safe? An yi feshi yau? An yi masa wanka da wani abu? Hauka ba ya saukowa dare ɗaya, sai halin kare ya yi kwanaki yana canzawa. Guba kuwa farat ɗaya take kayar da shi. Wanda yake kai karensa rigakafin hauka duk shekara ya rage wa kansa rabin wannan ruɗanin.

Hukuma ta san da matsalar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan dichlorvos da ta samu a ciki. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana ƙananan kwalaben maganin, ta kuma hana sayar da shi a manyan kantuna da kasuwannin yau da kullum, ta ce sai a shagunan kayan noma. Dalilinta a lokacin shi ne yawan masu shan sa don halaka kansu. Amma matan gida har gobe shi suke nema in kuɗin cizo ya addabe su, ko kyankyaso, ko sauro. A yayyafa a lungunan ɗaki, a zuba a masai, a bi gindin katanga da shi saboda kunama. Kare kuma hancinsa a ƙasa yake kwana yake wuni.

To kaskar fa, a zuba mata ido? A'a. Kaska na shan jini tana kuma sa wa kare ciwo. Amma akwai magungunan da don kare aka yi su: wanda ake ɗigawa a bayan wuya, da ƙwayar da ake ba shi ya haɗiye, duk likita zai auna da nauyin karen. Suna da ɗan tsada, gaskiya ne. Wanda ba shi da hali ya zauna da yamma ya cire ta ɗaya bayan ɗaya ya jefa a gwangwanin kananzir, kamar yadda mafarauta ke yi tun kaka da kakanni. Sannan ya sani cewa kaskar kare ba a jikin kare kaɗai take zama ba, a tsagar bango da ramukan ɗakinsa take zuba ƙwai dubbai. In za a yi feshi, ɗakin za a fesa, a fitar da karen da kaskonsa, sai wurin ya bushe ya sha iska a mayar da shi. Maganin wankan shanu irin su amitraz da cypermethrin ma mutane na ɗiba su yi wa kare da awon shanu, wanda ba daidai ba ne. Na ga karen da amitraz ya kwantar kamar an yi masa allurar barci, jiki sanyi ƙalau, zuciya na bugawa da ƙyar. Masu kyanwa kuma su kiyaye, maganin ƙuma na kare mai permethrin kashe kyanwa yake yi.

Sai maganin ciyawa. A da in ciyawa ta fito a tsakar gida ko bayan katanga, fartanya ake ɗauka ko a ba almajirai su nome a biya su. Yanzu kowa ya gano goyon injin feshi ya fi sauri. Manyan gidaje na GRA da Abuja masu shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado kuwa suna da mai lambu da ke zuwa da jarkokinsa, ya fesa wannan don ciyawa mai faɗin ganye, ya fesa wancan don gara da tururuwa, ya watsa taki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Babu wanda ya tambaye shi me ya zuba. Da la'asar a saki kare ya yi birgima a kan ciyawar, ya tsinki ganyenta ya ci (kare na cin ciyawa, duk mai kare ya sani), ya koma inuwa ya yi ta lasar tafin ƙafarsa.

Magungunan ciyawa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Masu glyphosate, irin su Roundup, in kare ya ci ciyawar da ba ta bushe ba, yawanci amai da zawo da dalala yake yi ya warware. Wanda nake tsoro shi ne paraquat, wanda manoma suka fi sani da Gramoxone, mai ruwan shuɗi-kore, mai ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba shi da makari, a jikin kare ko a jikin mutum. Kuma yaudara gare shi. Ranar farko kare zai yi amai, bakinsa da harshensa su yi gyambo, ya ƙi abinci. Sai ya ɗan farfaɗo, maigida ya ce alhamdulillahi ya wuce. Alhali maganin ya tattaru a huhu yana cinye shi. Bayan 'yan kwanaki sai numfashi ya fara gagara. Na taɓa tsayawa a kan wani jibgegen kare na wani mai gidan gona, ya kafa ƙafafun gaba ya miƙe wuya, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, dasashinsa ya koma ruwan toka, ya kasa kwanciya don in ya kwanta iska ba ta shiga. Babu abin da likita zai iya yi masa illa ya sauƙaƙa masa tafiya. Da aka bi diddigi, mai feshi ne ya wanke injinsa a bakin rijiya, ruwan ya kwanta a wani ɗan kwari, karen ya sha.

Tarayyar Turai ta daina yarda da paraquat tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da hana shi daga farkon 2024. Amma sanarwa ba ta shiga ɗakin ajiyar kowa ta kwashe ragowar da ke cikin jarkoki da gorunan lemo. Duk mai irin wannan ragowar ya sani ɗanyen maganin da ba a sirka ba shi ya fi kisa, kurɓi ɗaya ya isa.

Akwai kuma cutar da ba a gani nan take. A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta fitar da wani bincike da ya nuna karnukan gidajen da ake yawan fesa wa ciyawarsu maganin ciyawa mai suna 2,4-D sun fi kamuwa da wani nau'in ciwon daji na kaluluwa. An yi ta jayayya a kan binciken, masu kamfanoni da wasu masana ba su yarda da shi ba. A 2004 kuma masana a jami'ar Purdue suka sami ciwon dajin mafitsara ya fi yawa a wani jinsin karnuka da ke yawo a kan ciyawar da aka fesa. Can ke nan, inda ake auna magani da ma'auni ana kafa allo a kan ciyawa cewa an yi feshi. Wannan 2,4-D shi ne dai manoman shinkafa da masara ke saye a nan, kuma awonmu murfin jarka ne da "ƙara kaɗan don ya ji".

Abin da nake gaya wa masu irin gidajen nan ba shi da wuya. Ka sa mai lambu ya nuna maka jarkar, ka karanta takardar jikinta ko ka ɗauki hotonta a waya. A kulle kare kafin a fara haɗa magani, a ɗauke kaskon abincinsa da na ruwansa. Kada a sake shi sai ciyawar ta bushe ƙayau, ni nakan ce a bari ta kwana ta wuni. In taki aka watsa, a ba shi ruwa ya narke ya shige ƙasa tukuna, buhun yuriya kuma a ɗaga shi sama. Ruwan wankin inji a haƙa rami nesa da rijiya a zuba a rufe, jarkar da ta ƙare a huda ta don kada wani ya mayar da ita ta ruwan sha. Tsakar gidan da bai fi taku ashirin ba kuwa, don Allah me ya kai feshi cikinsa? Fartanya ba ta ƙare a kasuwa ba.

Shinkafar ɓera ita ma tana cin karnuka ba kaɗan ba, kuma laifin yadda muke ɗana ta ne. A samo kan busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli ko sauran tuwo da miya a kwaɓa da magani a ajiye bayan buhu. Abin da ya kira ɓera ai ya kira kare. Maganin ɓera iri-iri ne, kuma sanin irin wanda aka ci shi ne rabin magani. Akwai masu hana jini daskarewa, irin su brodifacoum, waɗanda ake yi ƙwaya-ƙwaya ko dunƙule masu launi. Kare zai ci yau ya tashi garau, gobe garau, sai bayan kwana uku zuwa biyar ya fara kasala, dasashi ya yi fari fat, ya riƙa tari ko haɓo, ko jini a fitsari da kashi, ko ciki ya kumbura don jini na zuba a ciki. Wannan yana da magani, bitamin K1, amma sai an yi makonni ana ba shi, ba allura ɗaya ba. Wanda ya ga karensa ya ci, kada ya jira alama, ya kai shi a ranar. Akwai kuma baƙin gari mai warin tafarnuwa, zinc phosphide, da ɗan'uwansa ƙwayar da ake jefawa a buhun wake da masara. Waɗannan in sun haɗu da ruwan ciki iskar guba suke fitarwa, har aman karen na iya kwantar da wanda ya sunkuya yana gogewa a rufaffen ɗaki. In kare ya ci irin wannan, a fitar da shi fili.

Matsalar ita ce wanda ake saye a hannun mai tura baro da lasifika, a ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Likita ya tambaye ka me ya ci, ka ce maganin ɓera. Wane iri? Oho. Sannan mushen ɓeran da maganin ya kashe, in ba a binne shi ba, kare ko kyanwa ko shaho ne zai ɗauka. Tarko ya fi mini kwanciyar hankali. In kuwa dole sai magani, a sa shi cikin guntun bututun roba ko akwati mai ƙaramar ƙofa a danne da dutse, inda bakin kare da hannun yaro mai rarrafe ba za su kai ba.

Sauran kayan gida ba sai na ja su da tsawo ba. Izal da Dettol da Hypo in an wanke ɗakin kare da su, a ɗauraye da ruwa a bari ya bushe, don suna ƙona tafin ƙafa da harshe. Sodar da mata ke haɗa sabulun ruwa da ita tana cinye baki da maƙogwaro. Kafur ɗin da ake sa wa cikin kaya yana lalata jini in an haɗiye. Ruwan lagireto mai launi da ke ɗiga a gareji zaƙi-zaƙi gare shi, kare na lasa, ƙoda ta tsaya. Baƙin mai da ake shafa wa kare mai kirci ba ya warkar da komai, lashe shi yake yi ya shiga cikinsa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin kare in ya ci da yawa, don haka mai juye masa ragowar miyar biki da yamutsen albasar tsire ya rage. Cakulan da kofi da goro ma haka, abin da ke wartsake mu a cikinsu shi ke hargitsa zuciyar kare. Na ga dattijon da ke gutsura wa karensa goro don wasa, sai da na roƙe shi ya bari.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne maganin mutane. Kare ya yi ɗingishi, sai a tura yaro kemis ya sayo Panadol ko ibuprofen ko diclofenac a cusa a cikin nama. Farasitamol na ƙona hantar kare in ya yi yawa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibuprofen da diclofenac suna huda ciki su taɓa ƙoda. In ka ga kashin kare ya yi baƙi ƙirin bayan an ba shi irin waɗannan, jini ne.

Yanzu ga inda zan saɓa da jama'a da yawa, har da abokaina mafarauta. Da an ce guba, sai a ɗauko manja da madara a danne kare a ɗura masa. Kowa ya gaji wannan, kuma kowa na da labarin karen da manja ya ceta. Ni dai abin da na koya a wurin likitoci kuma na gani shi ne: magungunan ƙwari da yawa a cikin mai suke narkewa, saboda haka manja da madara na iya taimaka musu su shige jini da sauri. Na biyu, karen da ke jijjiga ko ya galabaita ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, sai ya tsira daga guba ya mutu da ciwon huhu. Ruwan gishiri don ya yi amai shi ma guba ne a karan kansa. In kuwa soda ya sha ko bilic ko kananzir ko fetur, aman ma ba a so, don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Gawayin da likita ke bayarwa kuma ba na murhu ba ne, sarrafa shi ake yi na musamman. Lokacin da ake ɓatawa wajen neman manja a maƙwabta, da an kai rabin hanyar asibiti.

Abin yi kaɗan ne. A janye karen daga wurin. In a jikinsa maganin yake, a sa safar hannu ko a ɗaura leda, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ba mai zafi ba, ana kare idonsa. A ɗauki kwalbar ko ledar ko hotonta a tafi da ita. A tuna ƙarfe nawa abin ya faru. A kira likitan tun ana hanya. Mu a Zariya muna da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Sakkwato da Maiduguri ma jami'o'insu na da nasu, mutanen Jos kuma ga Vom kusa da su, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Jihohi na da asibitocin dabbobi a manyan garuruwa. Amma tambayi masu kare goma a unguwarku lambar wani likitan dabbobi, ka ga nawa za su iya ba ka. Lambar mai gyaran janareto dai tana wayar kowa.

Su ma masu zuba guba da gangan a bola don rage karnukan da ba su da masu su, su ji tsoron Allah. Naman da aka barbaɗa wa magani ba ya tantance wanda zai ci. Karen maƙwabci zai ci, kaji za su tsattsaga, akuya za ta lasa ledar, ungulu ta sauka a kan mushen ita ma ta bi. Yaushe rabon da mai karatu ya ga ungulu a mahautar garinsu? Guba na cikin abubuwan da suka ƙarar da ita. In karnuka sun yi yawa a unguwa, mai unguwa ya kai maganar sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

Roƙona ga masu shagunan maganin gona: ku daina ɗura magani a gorar ruwa da kwalbar lemo, ku daina sayar wa yaron da aka aiko, kuma in mace ta ce na kuɗin cizo take so ko na kaskar kare, ku gaya mata gaskiya cewa wannan na gona ne. Ga NAFDAC da ma'aikatun gona na jihohi: takardar jikin magani da Turanci take, da ƙananan haruffan da ko mai tabarau sai ya ƙanƙance ido, alhali yawancin masu goya injin feshi a Arewa Hausa suke karantawa, wasu da boko wasu da ajami. A tilasta wa masu shigo da magani su rubuta gargaɗin da Hausa.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon abu biyu. Ka tura wakilinka kasuwar ƙauye ranar da take ci, ya tsaya a layin masu maganin ƙwari ya ga abin da ake sayarwa a leda da wanda ke saye, ya rubuto mana. Sannan ku nemo adireshi da lambobin asibitocin dabbobi na gwamnati jiha-jiha ku buga a shafi guda wanda mutum zai yanke ya manna a bango. In da hali a yi kafin kaka, lokacin da za a fara zuba wa wake magani ana kuma ɗana wa ɓera abinci a rumbuna.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu,
tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi,
Zariya, Jihar Kaduna.